Idon Mai Keke

A bayan coci akwai wani ɗaki mai taga biyu, inda a da ake jibge kujerun da suka karye. Matan ikkilisiya ne suka share shi, suka shigar da kekunan ɗinki uku da dogon tebur da dutsen guga, suka mai da shi wurin aiki. Ranar Laraba da rana suke haɗuwa, kuma aikinsu ɗaya ne: ɗinka rigunan jarirai da huluna da zannuwan gado, a cika kwali, a aika wa wani asibitin mishan da ke ƙetaren teku. Asibitin haihuwa ne, a wurin da mace takan zo da naƙuda ba ta da ko tsumman da za a naɗe abin da ta haifa. Matan ba su taɓa ganin ƙasar ba, ba su kuma sa ran ganinta, amma sun san labarinta ciki da waje, domin 'yar ɗaya daga cikinsu ce nas a can.

Uwar nas ɗin ita ce Mai Keke. Tun tana budurwa take ɗinki, kuma ita ta kafa wannan aiki a shekarar da autarta ta tafi. Ita ke yanka, ita ke raba wa kowa nata, ita ta koya musu yadda ake kwantar da kalmasa don kada ɗinki ya gurje fatar jariri. Ba ta da wasa a kan aiki. In ta ɗaga riga ta ga layi ya karkace, sai ta miƙa wa mai ita reza ta ce, "Farke. Ɗan mutum ne zai sa, ba buhun gawayi ba." Kafin a rufe kowane kwali kuma sai sun kewaye shi sun yi addu'a, don jariran da za su sa, don uwayensu, don likitoci da nas-nas, Ubangiji ya sa albarka a hannuwansu. Mai Keke ce ke ja, kuma addu'arta a kan hannun likitoci ta fi ta kowa tsawo.

Sai yanar ido ta fara rufe mata gani. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura. Daga baya fari da ruwan madara suka zama mata launi ɗaya. Mijinta, tsohon kafinta mai sanyin hali, ya lallaɓa ta ya kai ta asibitin ido. Likita ya haska, ya duba, ya faɗa musu ba tare da kwana-kwana ba. Yana ce a duka biyun, ana cire ta, aiki ne da suke yi kullum. Amma ta hagu ta nuna ta wuce misali, ta fara matse idon daga ciki. In aka yi sakaci idon zai mutu, kuma idon da ya mutu babu likitan da zai ta da shi. Ya ce su dawo da wuri.

Lahadin da ta biyo baya fasto ya kira marasa lafiya su fito gaba. Mai Keke ta fita ta durƙusa, dattawa suka ɗora mata hannu, aka shafa mata mai a goshi, aka roƙa mata warkarwa cikin sunan Yesu. Wannan daidai ne. Haka ya kamata a yi wa mai ciwo, kuma duk wanda ya raina irin wannan addu'a bai san abin da yake rainawa ba. Ɓarnar ta zo ne a wata Lahadin, lokacin ba da shaida. Mai Keke ta miƙe, ta dafa bayan kujera, ta ce da ƙarfi, "'Yan'uwa, ku taya ni godiya. Na warke." Coci ya ɗauki waƙa, mata suka rungume ta, har da masu hawaye.

Ba ta warke ba. Ta taɓa jin wani mai wa'azi a rediyo yana cewa in ka furta abu da bakinka a gaban jama'a dole ya tabbata, sai ta ɗauka in ta riga Allah faɗa, zai ji nauyi ya cika. Allah kuwa ba yaro ba ne da za a yi masa dabara. Ko wannan ma ba shi ne tushen abin ba. Tana yarinya ta ga wani mai magani ya tsokani idon mahaifiyarta da ƙarfe a tsakar gida, wai zai kawar da yana, matar ta ƙarasa rayuwarta ana jan ta da sanda. Tun ranar Mai Keke ta ƙudurta babu mai kai ƙarfe kusa da idonta. Tsoro ne ya ari rigar bangaskiya ya sa, rigar kuwa ta zauna masa daram, har ita kanta ta daina gane shi.

Matan ɗakin ɗinki sun gane gaskiya a Larabar farko. Rigar da ta fara fitowa daga kekenta a bai-bai take. Ta biyu an ɗinke mata rabin wuya. Ta uku baƙin zare ne a kan farin yadi, yana tafiya kamar sawun maciji. Bayan ta tafi gida suka tsaya cirko-cirko a kan kwandonta.

"To, yanzu wa zai faɗa mata?" in ji wata.

"Babu," in ji matar fasto, wadda duk suke kira Mama. Mace ce mai taushin zuciya, irin wadda ba ta iya korar kaza daga kan shanya. "Ta ba da shaida a gaban ikkilisiya. In muka yi magana mun kunyata ta, mun kuma raunana masu ƙaramar bangaskiya. Wa ya sani ma ko warkarwar tana hanya? Mu rufa mata asiri, mu ci gaba da addu'a."

Haka suka tsara abinsu. Suka mayar da kekenta bakin taga, suka ce iska ta fi shiga ta nan. In zarenta ya tsinke sai wata ta yi wuf ta ce bari ta gwada idonta ita ma, ta zura mata. Kwarkwaro in ya ƙare sai ta tarar an cika shi. Yanka kuwa Mama ta karɓe shi, wai tana so ta koya. Duk abin da Mai Keke ta ɗinka a kwando dabam ake tara shi, tana fita su rufe ƙofa, kowa ta ɗauki reza, su farke su sake. Suna yi suna jin sun yi aikin alheri.

Mutum ɗaya ce ta yi gunaguni, ƙanwar mijin Mai Keke, wadda yara suka sa wa Gwaggo har sunan ya bi ta. Wanki da guga ne sana'arta, don haka ita ke goge rigunan ta ninke ta jera a kwali. Baki gare ta, kuma tsakaninta da matar yayanta tsiya ce kullum, irin ta masu son juna.

"Ni dai na faɗa," ta ce, "barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa."

Ta faɗa, amma ta ɗauki reza kamar kowa. Wanda ya san gaskiya ya faɗe ta a bayan ƙofa, ya yi shiru a gaban mai ita, bai fi sauran ba.

A gida ma maigidan yana gani. Ya ga tana zuba shayi a gefen kofi, ya ga tana lalubar bango in za ta shiga kicin, ya ga takan dafe gefen kanta na hagu in ta zaci ba ya kallo. Wata safiya ya yi ƙarfin hali ya ce, "Uwargida, likitan nan fa ya ce da wuri."

"Maigida, so kake in koma gaban jama'a in ce Allah ya fasa?"

"Ban ce haka ba."

"To me ka ce?"

Ya dubi ƙasa, ya ɗauki hularsa, ya fita. Mutumin kirki ne, amma kirkin da ba ya iya buɗe baki wani lokaci cuta ne. Auta ma in ta bugo waya daga can takan tambaya, "Inna, likita ya sake dubawa kuwa?" Sai uwar ta ce, "Babban Likita ya duba, ke dai ki kula da jariranki." Yarinyar tana nesa, ba ta da yadda za ta yi.

Aka ɗauki watanni a haka. Sai wani ɗan ikkilisiya ya tashi tafiya da za ta bi da shi ta ƙasar, ya ce zai ɗauki kwali biyu cikin kayansa, amma a kai masa kafin gari ya waye ranar Alhamis. Wannan Larabar ɗakin ya cika da ƙarar keke tun da hantsi. Ana tsakiyar aiki allurar Mai Keke ta karye, ƙas. Ta lalubo wata ta ɗaura da hannu, abin da yatsunta suka saba.

"Ina tsinin?" in ji ta kusa da ita.

"Ya faɗi ƙasa, na gan shi. A share anjima."

Da rana ta yi sanyi Mama ta fara lallashi. "Kin gaji, ki je ki huta, mu za mu ƙarasa."

"Yau kam sai na ga an rufe kwali da idona," in ji Mai Keke. Ta sunkuya ta lalubo kwandonta, wanda wata ta riga ta tura ƙarƙashin tebur da ƙafa, ta juye shi gaban Gwaggo. "Goge waɗannan, uwar surutu. Su za a sa a sama."

Matan suka kalli juna. Gwaggo ta ja tsaki, ta shimfiɗa riga ta farko, ta bi wuyanta da tafin hannu kamar yadda takan yi kafin ta ɗora dutse. Sai ta ce, "Wash!" ta fizge hannun. Jini ya tsattsafo a gindin babban yatsanta. Ta juya kalmasar wuyan, ta sa farce, ta zaro tsinin allura. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta cire wayar dutsen guga daga bango, ta taka har gaban keken da ke bakin taga.

"Matarmu, miƙo hannunki."

"Me kuma? Dutse ne ya ƙone ki za ki huce a kaina?"

"Miƙo dai."

Ta ɗora mata abin a tafi, ta naɗe yatsunta a kai a hankali. "Me kika ji?"

"Tsinin allura."

"A wuyan rigar jariri na same shi. Ke kika ce kin ga ya faɗi ƙasa."

"Gwaggo, don Allah," in ji Mama, "ba yanzu ba."

"Yanzu ne, Mama. In ba yanzu ba sai yaushe? Sai ya shiga wuyan ɗan mutane a ƙasar da ba mu san hanyarta ba?" Ta koma tebur ta kwaso riguna biyu. "Matarmu, zura yatsa a hannun wannan."

Mai Keke ta zura. Yatsan ya tafi kaɗan ya tsaya, an ɗinke hannun ruf. Ta laluba ɗaya gefen, ta bi gindin rigar, ta ji yadin ya tattare wuri ɗaya kamar bakin jaka. Nan take fuskarta ta koma irin ta da.

"Wace ce ta yi wannan ƙazamin aiki? A ba ta reza."

Kekuna suka tsaya, har wanda ke can ƙurya.

"Ke ce," in ji Gwaggo.

"Ƙarya kike yi."

"Na iya ƙarya, amma ba yau ba. Tun ranar da kika ba da shaidar nan, babu rigarki ko ɗaya da ta ƙetare teku yadda kika ɗinka ta. Kina fita muke rufe ƙofa mu farke. Har da ni. Tambayi Mama, ga ta nan, ita ba ta iya ƙarya ba, shiru kawai ta iya."

Mai Keke ta juya inda take zaton Mama take. Kabad ɗin yadi ta fuskanta. Mama ta matso da kanta ta tsaya a gabanta, tana share ido da gefen ɗankwali.

"Don ƙauna muka yi," ta ce.

"Ƙauna. Kun mai da ni yarinyar da ake ba tsumma ta yi wasa don kada ta dami manya."

"Ke kika fara mai da mu makafi," in ji Gwaggo. "Kin ce kin warke, mu kuma muka ce ba mu gani ba. Idon hagun nan ya yi ja kamar gauta, kina dafe kai, kin zaci ba a lura. Likita ya ce zai mutu, Yaya ya faɗa mini. Ki koma asibiti."

"So kike in ƙaryata Allah a gaban ikkilisiya?"

"Allah bai ce komai ba, ke kika ce. Kanki za ki ƙaryata, kuma ba a mutuwa don wannan, ni kullum sai na yi kafin in karya kumallo." Wata ta yi dariya ta toshe baki. Gwaggo ba ta yi ba. "Kowane kwali sai kin tsai da mu har ƙafa ta yi tsami, kina roƙa wa hannun likitocin can albarka. Na can hannunsu na Allah ne, na nan kuwa na wa ne? Ko 'yar da kika haifa kika aika, aikin rashin bangaskiya take yi a can? In mace ta zo mata da naƙuda mai gardama, cewa take ta koma gida ta ba da shaida?"

Mai Keke tana zaune, tsinin allurar yana tafinta, rigar tana cinyarta. Matan suna jiran ta fashe da faɗa ko da kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Da ta buɗe baki, maganar aiki ta yi.

"A juye kwalayen nan duka biyu."

"An riga an jera," in ji wata.

"A juye. Duk rigar da za ta tafi sai an bi ta da hannu, wuya da hannu da gindi. Nawa kuma a ajiye su gefe, ba za su tafi ba."

Aka juye. Suka zauna kewaye da tebur suna bin kowace kalmasa da yatsa, ita ma aka tara mata nata kason, don a wannan aikin hannunta ya fi idon kowa. Ba a sami wani tsini ba. Aka sake jerawa, kwali na biyu bai cika ba, aka cike shi da zannuwan gado. Da aka kewaye don addu'a, kowa ta sunkuyar da kai tana jiran muryar da aka saba.

"Mama, ja mana," in ji Mai Keke. "Yau bakina bai kai ba."

A hanyar gida Gwaggo ta kama mata gwiwar hannu, ita kuwa ba ta fizge ba. Suka wuce shagon mai gyaran takalma, suka tsallake kwata, Gwaggo tana cewa ɗaga ƙafa, ga rami, ga mashin. Sai da suka kusa ƙofa Mai Keke ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba ki ga abin da aka yi wa mahaifiyata ba. Ni na riƙe kwanon ruwan."

"Ban gani ba, amma na ji. Wancan a tsakar gida aka yi, da ƙarfen da aka goge a gefen riga. Wannan asibiti ne. Tsoro ba zunubi ba ne, matarmu, kowa na da nasa, ni ko kyankyaso na gani sai na hau kujera. Sai dai a kira shi da sunansa."

"In suka tsiyaye mini ido fa?"

"In kin zauna ma tafiya zai yi, kuma da ciwo. Zan raka ki har ƙofar ɗakin. In likitan ya yi wasa, ni da shi ne."

"Allah ya ji ƙan likitan."

Maigidan yana zaune a ƙofar ɗaki yana gyaran ƙafar wata kujera. Da ya ga yadda suka shigo riƙe da juna sai ya ajiye guduma.

"Maigida, gobe ka je ka karɓo mana rana a asibiti."

Ya miƙe tsaye har kujerar ta faɗi. "To. To, madalla. Mu je shiru abinmu, ba sai kowa ya ji ba. In an yi aiki kin warke, ai shaidar ta tabbata ke nan."

"A'a. Wannan ɗinki ne a kan ɓaraka. A tsaye na faɗa, a tsaye zan janye."

Ranar Lahadi, da aka zo lokacin shaida, ta miƙe. Wasu har sun fara gyara murya don waƙa. Ta ce, "'Yan'uwa, kwanakin baya na tsaya a nan na ce na warke. Ban warke ba. Ba na ganin fuskar kowa a cikinku yanzu haka. Ba Ubangiji ne ya gaza ba, ni ce na yi masa shisshigi, na faɗi abin da bai ce in faɗa ba, saboda ina tsoron aikin likita. Ku gafarta mini. Jibi za a yi mini aiki. Ku sake yi mini addu'a, ku haɗa da hannun wanda zai yi."

Babu waƙa a wannan karon. Fasto ya sauko daga bagade, ya tsaya kusa da ita, ya ce shi ma yana da nasa laifin, domin ya karɓi shaida ya yi murna, bai taɓa zuwa ya tambayi yadda idon yake ba. Ya kira dattawa. Ta durƙusa a inda ta durƙusa a da, aka ɗora mata hannu, aka roƙa mata warkarwa cikin sunan Yesu, ta kowace hanya Ubangiji ya ga dama, aka roƙa mata ƙarfin zuciya. Amin ɗin da aka amsa ya fi na wancan karon nauyi.

Bayan an tashi, wata tsohuwa mai sharar coci ta tare ta a bakin ƙofa, ta kama mata hannu biyu. Ta ce tun ranar waccan shaidar ta daina shan maganin hawan jininta, tana cewa in Allah ya yi wa Mai Keke ba tare da likita ba, ita ma ba za ta nuna ƙarancin bangaskiya ba. Mai Keke ba ta saki hannun matar ba sai da ta sa Gwaggo ta bi ta gida, ta ga ta haɗiyi ƙwayar da idonta. Ƙarya ko a coci aka yi ta ba ta tsayawa a bakin mai ita.

Likita bai yi wa Mai Keke ta daɗi ba. Ya haska idon hagu, ya girgiza kai, ya ce, "Inna, ina kika shiga? Na ce da wuri." Ta ce, "Ɗana, yi faɗanka, na cancanta." Da idon hagun aka fara. Gwaggo ta raka ta har ƙofa kamar yadda ta yi alkawari, ta zauna a benci tare da yayanta da matar fasto, suka haɗa kai suna addu'a a hankali har aka fito da ita. Ciwon kan ya tafi, jan idon ya washe, amma da aka cire bandeji haske da inuwa kawai ta iya bambancewa. Likita ya ce jijiyar ta riga ta sha wuya, abin da ya rage ke nan, kuma ba zai ƙaru ba. Ta tambaya yaushe za a yi na dama.

Bayan 'yan makonni aka yi. Washegari da safe suka koma, aka zaunar da ita a kujera, nas ta ɓare filasta a hankali, ta goge idon da auduga, ta ce ta buɗe. Ta buɗe, ta runtse, ta sake buɗewa. Hawaye ya zubo. Ta dubi tagar ɗakin, ta dubi tayil ɗin ƙasa, ta ɗaga hannunta ta juya shi gaba da baya. Sannan ta dubi mutumin da ke tsaye a gabanta yana murza hula.

"Maigida, yaushe ka yi wannan furfurar?"

"Tana nan tun bara," ya ce. "Ke ce ba ki tambaya ba."

Gwaggo ta turo fuska. "Ni fa, matarmu? Kin gan ni?"

"Na gan ki. Ke kam da an bar mini 'yar yana a gefenki."

Har nas ɗin sai da ta yi dariya. Ta ba su maganin ɗigawa, ta ja wa Mai Keke kunne kada ta sunkuya, kada ruwa ya shiga, kada ta kusanci keke sai likita ya ce. Suka fito baranda, inda masu jiran layi suke zaune kowa da nasa idon. Mai Keke ta tsaya nan, ba ta damu da masu kallo ba, ta kama hannun mijinta da na ƙanwarsa, ta yi godiya ga Ubangiji a taƙaice. Da ta gama ta ce a kira mata Auta. Aka yi sa'a layin ya shiga.

"Auta, ni ce. Daga asibiti nake. Na dama ya buɗe tar, ina ganin har tururuwa a bango. Na hagu kuwa saura kaɗan, kuma ni na ja, kada ki ɗora wa babanki ko wani. A'a, daina kukan nan, ba kuka na kira ki yi ba. Ki gode wa Allah, ki koma bakin aikinki."